Takardar EEG ta ce babu komai, mai ciwon kuma yana ci gaba da faɗuwa: ina matsalar take?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Maudu'in wannan makon gwajin wutar ƙwaƙwalwa ne, EEG, da yadda ake amfani da shi wajen gane farfaɗiya. Ƙorafi biyu ke ta maimaituwa. Na farko, mutum yana faɗuwa yana kakkafewa kowa na gani, a tura shi gwaji, takarda ta dawo an rubuta babu matsala, sai dangi su ce ai shi ke nan, ba ciwon asibiti ba ne. Na biyu, mutum ya suma sau ɗaya a tsakar rana ko yana fama da ciwon kai, a yi masa gwajin, a rubuta an ga alamar farfaɗiya, a ɗora shi kan magani shekara da shekaru. Masana, bismillah.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam. Duka biyun tushensu ɗaya, ana ɗora wa gwajin nauyin da ba nasa ba. Farfaɗiya da bayani ake gane ta, daga bakin mara lafiya da wanda ya ga faɗuwar da idonsa. Ma'anar da ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta fitar a 2014 hanya uku ta bayar: faɗuwa biyu da ba zazzaɓi ko faɗuwar suga ko wani dalili na nan take ya tayar da su ba, tsakaninsu fiye da awa 24, ko faɗuwa ɗaya tare da hujjar cewa yiwuwar dawowarta cikin shekara 10 ta kai kashi 60 cikin 100, ko a gane wani sanannen nau'in farfaɗiya. EEG a ta biyu da ta uku yake taimakawa. Ta farko ba ta jiransa.

Sannan a san abin da na'urar ke ji. Ba harbin jijiya ɗaya-ɗaya take ɗauka ba. Tarin ƙananan sauye-sauyen wuta ne daga ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma kafin ya iso sama sai ya ratsa ruwan ƙwaƙwalwa da ƙashi da fata, ya raunana. Shi ya sa da maikurobolt ake auna shi, alhali na zuciya da milibolt. Kafin tsini, wato zanen nan mai kaifi da ake nema a allo, ya fito a fatar kai, galibi sai yankin ɓawon da ya kai wajen santimita murabba'i 10 ya yi harbi lokaci guda. Kamar wanda ya tsaya bayan katangar gidan biki ne, guɗa kam zai ji, amma hirar mutum biyu a ƙuryar ɗaki ba za ta iso shi ba. Idan tushen ciwon yana can ƙasan ɓangaren goshi ko ciki-ciki a ɓangaren gefen kunne, zai iya cin karensa ba babbaka ba a ga komai a allo ba.

Ga kuma ƙarancin lokaci. Gwajin yau da kullum minti 20 ne zuwa 30, kuma da wuya a ce mutum ya faɗi a cikinsu. Abin da ake farauta shi ne tsinin da ke fitowa tsakanin faɗuwa da faɗuwa, shi kuwa ba kullum yake fitowa ba. Gwajin farko yana kama shi a wajen kashi 30 zuwa 55 cikin 100 na masu ciwon. In aka maimaita, aka haɗa da barci, ya kan kai 80 zuwa 90. Saura kuma ko sau nawa aka yi ba za a gani ba, ciwon kuwa yana nan. Saboda haka "ba a ga komai ba" daban, "ba shi da farfaɗiya" daban.

Likitan Karkara:
Ranka ya daɗe, to ai maganar nan ta ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan ra'ayina. Gwajin da ke kuskure rabin masu ciwon, don me za a sa talaka ya biya kuɗin mota shi da mai rakiya zuwa asibitin koyarwa, ya biya kuɗin gwaji, ya jira layi na makonni? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai wajen miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu suke, kuma har kashi 70 za su daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Matsalarmu rashin magani ce, ba rashin takarda ba. In bayani ya nuna, a fara kabamazefin ko fenobabiton a wuce wurin.

Likitar Yara:
Dokta, rabin maganarka na yarda da shi, kar a hana mutum magani don ana jiran gwaji. Amma "a fara kabamazefin a wuce wurin" nan ne ake yin ɓarna. Amfanin EEG mafi girma ba amsa tambayar ko farfaɗiya ce ba, a'a, wace iri ce. Akwai mai tasowa daga yanki ɗaya, akwai mai kama ɓangarorin biyu tun daga farko, kuma maganin wannan yana iya tsananta waccan.

Ɗauki farfaɗiyar ɗaukewa ta yara. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 10, yana cikin magana ko rubutu sai ya tsaya cak, ido ya kafe, wani lokacin fatar ido na ƙiftawa, daƙiƙa wajen 10, sai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yana iya yi sau da yawa a yini. A makaranta sai a ce ba ya mai da hankali, ya sha bulala. A allo kuwa ba ta ɓuya: layuka suna tafiya lafiya, kwatsam sai dukkan kai ya ɗauki tsini da igiya, tsini da igiya, sau 3 a daƙiƙa, a jere ras, ya fi ƙarfi a gaban kai, sannan ya yanke kwatsam yadda ya fara. Tun 1935 Gibbs da Davis da Lennox suka bayyana wannan zane a Boston ta Amurka, shekara shida kacal bayan Hans Berger na Jamus ya wallafa aikinsa na farko a kan EEG ɗin ɗan Adam. Maganinta etosaksimayid ko balfurowet. Ka ba wannan yaron Tegretol, wato kabamazefin, ɗaukewar ƙaruwa za ta yi.

Haka farfaɗiyar zabura ta matasa. Tana farawa wajen shekara 12 zuwa 18. Da safe bayan tashi daga barci hannu ya fizge, kofin shayi ko buroshi ya faɗi, ba tare da hankali ya gushe ba. Ba wanda ke kawo wannan ƙara asibiti, sai ranar da aka yi babbar faɗuwa bayan an kwana karatu. In ba ka tambayi zaburar safe ba, ba za a gaya maka ba. Zanenta tarin tsinaye ne biyu, uku ko fiye a jere sannan igiya, sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, a duka ɓangarorin. Ita ma kabamazefin da fenitoyin tsananta ta suke yi.

Likitan Karkara:
Na karɓa. To a ba mu ma'auni, wa za a tura, wa za a bari?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A tura yaro ko matashin da ya fara faɗuwa ba tare da zazzaɓi ba, da wanda ake zargin ɗaukewa ko zabura, da wanda aka fara wa magani ciwon ya ƙaru, da wanda ya yi faɗuwa ɗaya tak ana shawarar a fara magani ko a jira. A wannan na ƙarshen, ganin tsini na gaskiya ya kan kusan ninka yiwuwar sake faɗuwa. In da hali a yi da wuri. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostiraliya, aka buga a 1998, ya nuna gwajin da aka yi cikin awa 24 bayan faɗuwar farko ya kama alama a kashi 51 cikin 100, wanda aka jinkirta kuma 34.

Kar a tura mai ciwon kai zalla, ko wanda ya suma bayan doguwar tsayuwa, ya ji jiri, ido ya yi duhu, ya yi gumi, ya faɗi ya farfaɗo nan da nan da hankalinsa. Ko da an ga ya ɗan yi fizge-fizge, suma ma tana yin haka. Mai irin wannan suma, gwajin zuciya ya fi buƙata. Haka yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ya yi jijjigar zazzaɓi gajeriya sau ɗaya ya warware, EEG ba zai ƙara komai ba, a nemi abin da ya kawo zazzaɓin.

Likitar Yara:
A ƙara da wanda ba a jira da shi ko mako guda: jariri ɗan wata 3 zuwa 12 da ke dunƙulewa kwatsam, kai ya sunkuya, hannaye su ware ko su rungume, ya saki, bayan 'yan daƙiƙu ya sake, a jere a jere, galibi in ya tashi daga barci. Iyaye mata kan ce ciwon ciki ne ko firgita. Ciwon West ke nan. EEG ɗinsa hargitsi ne tsantsa, manyan igiyoyi da suka haura maikurobolt 200, tsinaye na fitowa nan da can ba tsari, shi ake kira hifsaridimiya. A barci ya fi bayyana, don haka in jaririn bai yi barci a kan gado ba gwajin bai cika ba. Maganinsa firedinisolon mai yawan awo ko allurar ACTH ko bigabatirin, ba fenobabiton ba, kuma jinkiri yana cin ci gaban ƙwaƙwalwar yaron.

Hajiya Mai EEG:
Likitoci sun yi nasu, bari mu masu manna waya mu faɗi namu, don takarda da yawa tun daga kan kujera take lalacewa.

Gashi tukuna. A wanke kai da sabulu daren jajiberin gwaji, kar a shafa komai, ba man kitso, ba man shanu, ba basilin. Maiƙo yana shiga tsakanin elektirod, wato kan wayar da ake mannawa a kai, da fata. Mata su tsefe, a cire ƙarin gashi. In tsefewar za ta yi wahala, a yi manyan kalaba sakwa-sakwa da tsaga a tsakiyar kai. Shuku shi ne babban abokin gabarmu, yana tara gashi daidai inda elektirod ɗin tsakiyar kai zai zauna. A kuma gaya wa mace tun wajen ba da rana cewa za ta cire ɗankwali wajen awa guda, don a tanadi mace ta yi mata in ta fi son haka.

Sai awo. Tsarin jera elektirod na 10-20 da Herbert Jasper ya fitar a 1958 da tef ake yinsa, ba da ƙiyasin ido ba. A auna daga kwarmin saman hanci tsakanin idanu zuwa tudun ƙashin ƙeya. A ce an samu santimita 36. Rabinsa, 18, nan ne Cz, wurin elektirod ɗin tsakiyar kai. Kashi 10 cikin 100, wato 3.6, daga hanci zuwa sama nan ne layin goshi, haka daga ƙeya zuwa sama layin baya. Tsakaninsu ana tafiya da 7.2. A sake aunawa daga gaban kunne zuwa gaban kunne ta kan Cz, sannan kewayen kai. Lambobin mara, 1, 3, 5, 7, hagu ne. Na cika, 2, 4, 6, 8, dama. Harafin z tsakiya. Elektirod 19 a kai, ban da na kunne da na ƙasa, a kuma ƙara layi ɗaya na bugun zuciya. In aka kauce da santimita biyu a gefe ɗaya, sai ɓangaren ya fito da ƙarfi daban da ɗan uwansa, mai karatu ya rubuta bambanci tsakanin hagu da dama, alhali bambancin a hannun mai mannawa yake.

Kowane wuri a goge shi da man gurza fata a kan auduga, a sa man manni, a danna. Turjiyar wuta tsakanin elektirod da fata ta sauka ƙasa da kilo'om 5, kuma su yi kusa da juna. Ɗaya 2 ɗaya 15 ya fi duka 6 muni. Saitin farawa: maikurobolt 7 a milimita, matatar ƙasa 1 Hz, ta sama 70 Hz, daƙiƙa 10 a shafi.

Kar a zo da yunwa. Kar a daina shan magani don za a yi gwaji. In an nemi na barci, a rage barcin daren, yaro ya kwanta a makare a tashe shi da asuba, a hana shi gyangyaɗi a mota, babba kuma ya bar shayi da kofi da goro da safen, kuma kar ya tuƙo mota ko babur da kansa.

Injiniyan Asibiti:
Hajiya ta gama magana, sai dai in ƙara ta ɓangaren wuta. Wutarmu a Najeriya da Nijar 50 Hz ce, ta Amurka 60. Na'ura da yawa tana zuwa da matatar wuta, mai cire hayaniyar wutar lantarki daga layuka, a saite kan 60, ba wanda ya canza, sai a yi ta mamakin me ya sa layi ya yi kauri baƙi ƙirin. A duba wannan tun ranar kafawa. Na biyu, soket ɗin ɗakin ya kasance da wayar ƙasa ta gaske, ba rami uku na ado ba. Na uku, janareta da ƙaramar inbata suna zuba hayaniya, in kwamfutar na da batir a cire caja lokacin ɗauka. A fitar da cajar waya daga kusa da gado. Ni shawarata a bar matatar 50 a kunne kullum a huta.

Hajiya Mai EEG:
A'a Injiniya, nan kam ban bi ka ba. A fara da ita a kashe. In 50 ta fito a layi ɗaya ko biyu kawai, elektirod ne ke gaya maka bai zauna ba, ka je ka gyara shi. Ka kunna matata tun farko, ka rufe bakin mai ba ka labari, elektirod ɗin kuma zai ci gaba da yin tsalle-tsallen da ke kama da tsini. Sai an gyara komai ta ƙi tafiya a duka layuka ake kunna ta.

Haka masu sauke matatar sama zuwa 15 don layi ya yi kyau in mutum ya ɗaure haƙora. Motsin tsoka in aka tace shi haka sai ya yi laushi ya koma kamar igiyar ƙwaƙwalwa mai kaifi. Gara a ce wa mutum ya ɗan buɗe baki ya saki muƙamuƙi. Lokacin zafi kuma gumi na sa layuka su riƙa lilo a hankali, ƙasa da sau 1 a daƙiƙa, yana ma iya haɗa elektirod biyu su zama ɗaya. A sanyaya ɗaki, a goge goshi, amma kar a juya fanka kan wayoyi, kaɗawarsu ma tana shiga.

Injiniyan Asibiti:
Gaskiyarki Hajiya, na janye.

Ɗalibin Likitanci:
Malamai, don Allah numfashin da ake sa mutum ya yi da fitilar da ake haska masa fa, mene ne amfaninsu, kuma ba haɗari?

Likitar Yara:
Tsokano ciwon ake yi. Numfashi mai zurfi na minti 3 yana fitar da iskar kabon daga jini, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke. Yaro mai ɗaukewa da bai fara magani ba kusan kullum sai ta zo masa a nan. Ƙaramin yaro a ba shi takarda ko abin wasa mai juyawa ya yi ta hurawa. In zanen ya fito, mai gwaji ya faɗi wata kalma da ƙarfi, "rago" misali, bayan ya wuce a tambayi yaron me aka ce. In bai ji ba, a rubuta.

Amma a kula, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai: ba a sa mai sikila wannan numfashin. Tsukewar jijiyoyin na iya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. A tambaya kafin a fara, kar a dogara da takardar turowa. Haka wanda bai daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ko zubar jini a ƙwaƙwalwa ba, da mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, da mai juna biyu. Sannan lafiyayyen yaro ma numfashin kan sa igiyoyinsa su yi girma su yi nawa, musamman in sugansa ya yi ƙasa, kamar mai azumi ko wanda bai karya ba. Wannan ba ciwo ba ne, yana washewa cikin kamar minti ɗaya bayan an tsaya.

Hajiya Mai EEG:
Fitila kuma santimita 30 daga fuska, ɗaki da ɗan duhu. A fara daga walƙiya 1 a daƙiƙa a yi sama, ido buɗe, lokacin rufewa, da ido rufe. Tsakanin 15 da 20 aka fi samun masu amsawa. In bayan kai ya bi saurin fitilar daidai da daidai, lafiya ce. In kuwa tsini da igiya suka watsu a duka kai, a kashe nan take, ba a jira a ga ƙarshensa. Kuma ɗalibi, ka riƙa gaya wa marasa lafiya na'urar ba ta sa wa mutum wuta, ɗauka kawai take yi. Da yawa da wannan tsoron suke shigowa, su ƙanƙame jiki, tsoka ta cika allo.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Yanzu ƙorafi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko illa. Takardar da ta ce babu komai ana iya maimaita ta gobe. Wadda ta ce akwai farfaɗiya alhali babu, ita ke bin mutum har wajen neman aure da neman aiki, kuma ko gwaji goma suka biyo baya lafiya lau ba sa goge ta, sai a ce ai magani ne ke aiki.

Ba duk abu mai kaifi ne tsinin farfaɗiya ba. A ma'auni, tsini daƙiƙa 0.02 zuwa 0.07 yake ɗauka, igiya mai kaifi 0.07 zuwa 0.2, amma tsawon lokaci kaɗai bai isa ba. Ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, IFCN, ta ba da siffofi shida. Ya kasance mai kai mai tsini da lanƙwasa biyu ko uku. Faɗinsa ya bambanta da igiyoyin da ke kewaye da shi. Hawansa da saukarsa kar su yi daidai, ɗaya ya fi ɗaya tsaye. Igiya mai nawa ta biyo bayansa. Ya katse tafiyar abin da ke gudana kafin shi. Sannan ya bazu zuwa elektirod na maƙwabta yadda zai nuna daga ƙwaƙwalwa ya fito. A samu aƙalla huɗu. Abin da ya fito a elektirod ɗaya tak maƙwabtansa ba su ji ba, waya ce.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne igiyoyin gefen kunne masu kama da baka, 6 zuwa 11 a daƙiƙa, da ke fitowa ga manya in gyangyaɗi ya fara. In suka zo a jere kowa na gane su. In ɗaya ta fito ita kaɗai sai a ce tsini ne, a rubuta farfaɗiyar gefen kunne. A duba: ba igiya mai nawa a bayanta, ba ta katse komai ba, hawa da sauka daidai. Akwai kuma ƙananan tsinayen farkon barci da ba su kai maikurobolt 50 ba, da masu 14 da 6 a daƙiƙa na matasa, da igiyoyin tsakiyar kai na barci waɗanda a yara suke da kaifi da tsawo har su ba da tsoro, da manyan igiyoyin da ke tasowa wa ƙaramin yaro yana shiga barci. Wanda aka taɓa yi wa aiki a ƙoƙon kai ma, wurin da ƙashi ya buɗe igiyoyi sun fi tsawo da kaifi. Duk waɗannan ba ciwo ba ne.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk inda layi biyu suka juya suka fuskanci juna, ciwo ne. Wannan wurin da abu ya fi ƙarfi kawai yake nunawa, ko abin lafiya ne ko na ciwo.

Kai, ko tsinin gaske ne ma, ba shi ne ciwon ba. An gwada masu neman aikin jirgin sama na sojan Ingila sama da 13,000, lafiyayyu, aka buga sakamakon a 1993, aka samu wajen mutum 1 cikin 200 da irin wannan zane. A yara ya fi haka, wajen kashi 2 zuwa 4 cikin 100.

Likitar Yara:
Musamman tsinin Rolandik, wanda ke fitowa a C3 ko C4, elektirod ɗin hagu da dama na tsakiyar kai, da tsakiyar gefen kunne, ya yawaita da zarar yaro ya yi barci. In ya zo da labarinsa, wato yaron firamare da ke farkawa da dare gefen baki na karkarwa, miyau na zuba, yana gurnani, yana ji amma ya kasa magana, to an gane ciwon, kuma labari ne mai daɗi don yana barinsa kafin ko wajen shekara 16, wasu ma ba sa buƙatar magani. In kuwa an gan shi ne a yaron da aka kawo don ciwon kai, ba a ba shi magani saboda takarda.

Malam Mai Harhaɗa Magani:
Abu biyu daga ɓangarenmu. Dayazefam da fenobabiton suna cika allo da ƙananan igiyoyi masu sauri, sama da 13 a daƙiƙa, dayazefam kuma yana danne tsinin da ake nema. Wanda aka yi wa allurarsa jiya a ɗakin gaggawa, ko yaron da aka ba shi don ya kwanta a yi gwaji, takardarsa na iya fitowa fes. In dole sai an sa yaro barci, melatonin ya fi, don bai cika taɓa zanen ba.

Na biyu, in EEG ya nuna nau'in da balfurowet, wato Epilim, ya fi dacewa da shi, a tsaya a duba ko mace ce da za ta iya ɗaukar ciki. Yana jawo naƙasar ƙashin baya da laka ga ɗan tayi, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwarsa. Lebetirasitam ko lamotirijin ake dubawa tukuna, sai dai lamotirijin a hankali ake hawa da shi saboda ƙurajen fata masu haɗari, kuma wasu masu zabura ya kan ƙara musu ita. Wadda ke kan Epilim ta samu ciki kuma kar ta yanke shi da kanta, ta zo a zauna.

Likitan Karkara:
Saura masu faɗuwa a gaban jama'a, ido a rufe gam, ana ta juye-juye minti 20 ko 30, an yi EEG sau biyu ba komai, an haɗa magani uku ba sauƙi. Su fa?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A yi tunanin faɗuwar da ba ta farfaɗiya ba, mai tushe a damuwa. Ba ƙarya suke yi ba, ciwo ne, amma maganinsa daban. Babbar faɗuwar farfaɗiya galibi ido a buɗe yake, jiki ya sandare sannan ya yi fizga mai tsari da ke raguwa a hankali, ba ta cika wuce minti 2 ba, sai nannauyan numfashi da ruɗewa. A ɗayar kuwa ido a rufe, kai na juyawa hagu da dama, abin ya lafa ya dawo. Hujja mafi ƙarfi ita ce a ɗauki EEG da bidiyo tare har abin ya faru. In mutum yana kwance ba ya amsawa amma bayan kansa na nuna igiyar alfa, 8 zuwa 13 a daƙiƙa, irin ta mai ido rufe a farke, to ba farfaɗiya ce ta ɗauke shi ba. Sai dai a yi hattara, farfaɗiyar ɓangaren goshi ma tana zuwa da baƙon motsi, gajere, galibi cikin barci, kuma tana iya ƙin fitowa a allo. Wasu kuma suna da duka biyun. Inda ba wannan na'urar, bidiyon waya ya wadatar da yawa: mutum ɗaya ya kwantar da shi ta gefe ya kawar da abin da zai ji masa rauni, ba cusa cokali a baki, wani ya ɗauka, a nuna fuska da duka jiki har zuwa farfaɗowa. In jijjiga ta kai minti 5 a bar ɗauka a nufi asibiti.

Likitar Yara:
Zane biyu da bai kamata mu manta ba a yankin da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ba su ƙare ba. Yaron da ya yi ƙyanda yana ƙarami, musamman kafin shekara 2, bayan shekaru ya fara koma baya a makaranta, hali ya canza, sai fizga da faɗuwar kai a kai a kai. EEG zai nuna manyan igiyoyi masu kama da juna suna dawowa duk bayan daƙiƙa 4 zuwa 15, kowace tare da fizgar. A shafin daƙiƙa 10 ana iya ganin ɗaya kawai a wuce, sai an matse shafin ya ɗauki 30 ko 60 maimaituwar ke fitowa. SSPE ke nan, ciwon ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan ƙyanda, ba shi da magani mai warkarwa, rigakafin ƙyanda ne kariyarsa.

Na biyu, yaron da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, an tsayar da jijjiga amma bai farfaɗo ba. Ƙwaƙwalwar na iya ci gaba da faɗuwa jiki na kwance shiru. A duba ido ko ya karkata gefe yana rawa, ko yatsa ko gefen baki na motsi, miyau, numfashi mara tsari. A auna suga tukuna. Jijjigar da aka yi cikin irin wannan ciwon ba a kiranta farfaɗiya, ko da wasu daga cikin yaran kan same ta daga baya, shi ya sa ake bibiyarsu.

Hajiya Mai EEG:
Roƙo ga masu turo mana marasa lafiya. Takarda ta zo da kalma ɗaya, "faɗuwa", ba ta taimaki kowa ba. A rubuta shekaru, yadda abin ke farawa da yadda yake ƙarewa, a farke ko a barci, ranar faɗuwar ƙarshe, magungunan da ake sha da awonsu, ko an yi allurar dayazefam da yaushe, ko akwai sikila ko ciki, ko an taɓa aiki a kai. In zabura ake zargi a ce mana, mu ba da ranar da sassafe bayan rage barci. In ta dare ce ko jariri ne, mu tanadi lokacin barci, don wannan ba ya yiwuwa a minti 20.

Likitan Karkara:
In takarda ta dawo da "alamar farfaɗiya" amma labarin bai yi kama ba fa, mu da ba mu iya karatun layukan ba?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Kar ka fara magani a kanta. Ka nemi a turo shafin da aka ga abin, ko dukkan fayil ɗin a filashi, a kai wa wani mai karatun ya sake dubawa. Rahoto mai kyau zai faɗi a wane elektirod aka gani, sau nawa, a farke ko a barci, da siffarsa. In bai faɗi waɗannan ba, ka kira wanda ya sa hannu ka tambaye shi.